Takobin ado marar ruwa: a manne mariƙin da kube ko a bar shi yana cirewa?

Sadauki_1250:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka saba haɗa kayan shiga na bikin kwaikwayon tarihi. Shigar mayaƙin Turai na ƙarni na 13 nake haɗawa, riga da sulke sun kammala, saura takobi. Masu shirya bikin sun rubuta a ƙa'idojinsu cewa ba a shiga da ƙarfe mai kaifi ko mai tsini, ko da dakusasshe ne. Shi ya sa nake so in yi mariƙi da kube kawai, babu ruwan takobi a ciki, ta yadda duk wanda ya gan shi a ƙuguna zai ɗauka cikakke ne. Tambayata biyu ce. Da me zan yi kuben ya tsaya a miƙe bai lanƙwashe ba? Sannan in manne mariƙin da kuben gaba ɗaya ne, ko in bar shi yana cirewa?

Kafinta_Tsoho:
Wa alaikumus salam. Katako, ƙanena, kada ka wahalar da kanka. Nemi marar nauyi wanda ba ya tsagewa, ka yanka tsawon santimita 80 zuwa 85, faɗinsa a sama kamar santimita 6, ya riƙa tsukewa har ƙasa. Tunda ba abin da zai shiga ciki, ka huta da rarakewa, kuma rarakewar nan ita ce rabin wahalar kuben gaske. Inda zan ja kunnenka shi ne kauri. Kuben mutanen da siriri ne ƙwarai, falle biyu ne na katako aka haɗa aka lulluɓe da fata. Ka fere naka tsakiya ta yi ɗan tudu, gefe da gefe su yi siriri, kada kaurin ya wuce santimita ɗaya da rabi. Kauri shi ne yake fara tona asirin kuben bogi tun daga nesa. Batun mannewa kuwa, manne shi ka huta.

Zee_MaiFenti:
Baba Kafinta, a gafarce ni, ni dai ba zan ba shi shawarar katako ba. Wuni guda zai yi yana yawo da abin nan cikin cunkoso. Ya nemi tabarmar soso mai tauri ta EVA, irin wadda ake shimfiɗawa a ɗakin motsa jiki, ya yanka falle biyu, ya sa siririyar sandar faibagilas a tsakiya, ya haɗa da gam ɗin takalmi. Ko ya juya ya bugi wani ba abin da zai same shi.

Kafinta_Tsoho:
'Yata, soso idan rana ta buge shi ya kwana a jingine, gobe za ki same shi ya yi baka.

Zee_MaiFenti:
Ai amfanin sandar cikin ke nan, Baba.

Abu_Hamila:
Duk kuna maganar abin da za a yi kuben da shi, ba wanda ya taɓo ainihin inda matsalar take. Nauyi ne. Takobin hannu ɗaya na wancan zamanin yana kai kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma idan ka ɗora shi a kan yatsa, inda yake daidaita yana gaban giciyen, wato ƙarfen da ya gitta tsakanin mariƙi da ruwa, da kamar santimita 10 zuwa 15. Wato idan yana cikin kube, yawancin nauyin yana ƙasa da ɗamara, shi ya sa yake ratayuwa bakin kube a sama, wutsiya a ƙasa ta ɗan karkata baya. To ka cire ruwan, me ya rage? Mariƙi mai nauyi a gaba, kube fanko a baya. Sai dunƙulen kan mariƙin ya rinjaya ƙasa, wutsiyar kuben ta ɗaga sama tana zungurar duk wanda ke bayanka. Na ga wani a wajen irin wannan biki ya sayi giciye da dunƙule na ƙarfen gaske ya ɗora a kan kuben soso, wuni ya yi hannunsa na hagu a kan mariƙi yana danne shi, ko ruwa zai sha sai ya nemi mai riƙe masa.

Maganin abu biyu ne, kuma gara a haɗa su. Na farko mariƙin ya zama marar nauyi. Na biyu a ɓoye nauyi a kashi ɗaya cikin uku na ƙasan kuben. Idan katako ne, a fafe ɗan rami a bayansa a kwantar da guntun ƙarfe mai faɗi ko a jera washa, a zuba gam mai haɗi biyu a kai. Kuma wannan tun ran gini tun ran zane ne, Malam Sadauki. Ka ɗaura ɗamarar, ka manna nauyin da salatif na wucin gadi, ka yi tafiya, ka zauna, ka hau matakala, sai ka ga ya ratayu yadda kake so kafin fata ta hau. Bayan an ɗinke fata ba gyara.

Sadauki_1250:
Allah ya saka da alheri Malam Abu, wallahi ban kawo wannan a raina ba. Dalmar masu kamun kifi za ta yi? Ita ƙarama ce ga nauyi.

Ummu_Hanan:
Kada ka taɓa dalma, ɗan'uwa. Guba ce, kuma idan kana yankarta ko gogarta ƙurar tana maƙalewa a hannu da tufafi, ta bi ka har wajen yara. Washa ta ƙarfe ta ishe ka.

Garkuwa99:
Ni fa abin nan dariya yake ba ni. Takobi ba ruwa ai sanda ce aka yi wa kwalliya. Kun ce tarihi kuke kwaikwayo, wane mayaƙi ne ya taɓa rataya kube fanko? In ba za a bari a shiga da na gaske ba, gara mutum ya sake shiga, ya fito a manomi ko ɗan kasuwa.

Malam_Tarihi:
Garkuwa, sannu da ƙoƙari, amma tarihin bai goyi bayanka yadda kake zato ba. A Japan idan za a adana ruwan takobi mai daraja, ana cire shi a sa shi a kuben katako marar ado, su kuma kayan adon, wato mariƙi da giciye da kube, sai a sassaƙa ruwan katako a zura musu don su zauna a haɗe. Tsunagi suke ce masa, kuma da yawa daga cikin kayan takobin Japan da ake gani a gidajen tarihi haka suke, katako ne a ciki. Akwai kuma samurai, wato mayaƙan Japan na da, waɗanda talauci ya sa suka sayar da ruwan takobinsu suka maye shi da na gora, suna yawo da shi a ƙugu don kada a gane, kafin dokar 1876 ta hana yawancin mutane rataya takobi a bainar jama'a. A Sikotland ma, 'yar wuƙar da suke sokewa a safa idan sun sa kayan gargajiyarsu, yau ana sayar da wadda mariƙi da kube a haɗe suke babu ruwa, saboda yara da wuraren da ake bincike a ƙofa. Ba Sadauki ne ya fara ba.

Garkuwa99:
To Malam, na ji na Japan. Amma shi Bature yake kwaikwayo.

Binta_Leeds:
Garkuwa, ba ƙa'idar biki kaɗai ba ce, akwai hanyar zuwa bikin. A Ingila da Wales dokar 1988, sashe na 139, ta haramta riƙe abu mai kaifi ko tsini a wurin jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, in ban da 'yar wuƙar aljihu mai naɗewa da kaifinta bai wuce inci 3 ba. Kuma kai ne za ka nuna dalilin, ba ɗan sanda ba. Masu kwaikwayon yaƙin Hastings na 1066, wanda ake yi duk Oktoba a garin Battle, da takubban ƙarfe dakusassu suke karawa, gaskiya ne, amma 'yan ƙungiyoyi ne masu horo da inshora, kuma a naɗe suke kai makaman filin. Ɗan kallo da ya hau jirgin ƙasa da shigarsa lissafinsa daban ne. Ni da zan shiga jirgi da abu a ƙugu, na fi son wanda ko an tsare ni ba abin da za a samu.

Yusufa_TX:
A Amurka kuma ya danganta da bikin. Da yawa suna barin ka shiga da takobin gaske muddin an ɗaure shi da kuben a bakin ƙofa, da igiya ko da ɗaurin roba irin na wayoyin lantarki, ta yadda ba ya zaruwa. Wasu kuma ko kusa. Bukukuwan nan da ake kira Renaissance fair sun faro ne a Kalifoniya a 1963, kuma har yau kowanne da tsarinsa, babu wata doka guda da ta haɗa su. Sai mutum ya karanta ƙa'idar wanda za shi. Ƙungiyar SCA ta masu kwaikwayon tarihin tsakiyar zamani, wadda aka kafa a Berkeley ta Kalifoniya a 1966, su kuma da sandar rattan suke faɗansu, irin karan nan da ake saƙa kujeru da shi.

Sadauki_1250:
Na gode, amma nawa bikin sun riga sun hana, ko an ɗaure. Mu dawo kan tambaya ta biyu don Allah. Mannewa ko cirewa?

Abu_Hamila:
Cirewa. Ga dalili. Ka iso ƙofa, mai gadi ya ga takobi a ƙugunka, ya ce zare mu gani. Ka ce ai ba ya zaruwa, a manne yake, babu komai a ciki. Da me zai tabbatar? Shi abin da idonsa ya gani shi ne kube mai nauyi, ga na'urarsa tana ƙara saboda washar da muka ce ka sa. Mutumin nan bai san ka ba, ga layi a bayanka, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ce ka mayar mota. Amma idan ka ja mariƙin ya fito da ɗan guntun katako mai tsawon santimita 10 ko 12, bakinsa a dunƙule, magana ta ƙare nan take, har dariya zai yi. Ka fafe ramin da guntun zai shiga a bakin kuben, ka binne ƙaramin maganaɗisu a ƙasan ramin da wani a bakin guntun, shi zai hana shi faɗuwa idan ka sunkuya.

Kafinta_Tsoho:
Malam Abu, ka yi maganar mai gadi ka manta da yara. Duk yaron da ya ga takobi a ƙugu sai ya kai hannu. Yana ja ya fita da mariƙin, kafin ka waiga ya shige cikin mutane. Sannan ramin da kake cewa a fafe, a wajen da katakon ya fi ɗaukar wahala yake, daidai inda ɗamara ke ja. Kaurin santimita ɗaya da rabi, ka cire rami a ciki, me ya saura a gefe? Ranar da ya zauna a kan benci wutsiyar ta tokare ƙasa, nan zai tsage. Ni idan na yi, itace ɗaya nake yankewa tun daga wutsiyar kube har ƙarshen mariƙi, in zura giciyen ta sama ya zauna a kan kafaɗar da na bari. Babu mahaɗi balle ya karye.

Ummu_Hanan:
Kuma in za a sa maganaɗisun nan masu ƙarfi, a binne su da gam sosai. Idan ƙaramin yaro ya haɗiye guda biyu suna iya manne hanji ta ciki, aikin tiyata ne.

Zee_MaiFenti:
Ni ina bayan Baba a nan, ko da mun saɓa a kan soso. Maganin mai gadi ai sauƙi ne, ka ɗauki hotunan aikin tun yana katako tsirara, ka tura wa masu shirya bikin kafin ranar, ka riƙe amsarsu a wayarka.

Abu_Hamila:
Wanda ya amsa saƙon ba shi ne yake tsaye a ƙofa ba, Hajiya.

Dan_Baduku:
Ku bar ni in yi maganar fata, don ita ce ido yake gani, ko an manne ko ba a manne ba. Malam Sadauki, ka nemi fata siririya, kaurin milimita ɗaya ko ƙasa da haka, wadda aka jeme da sassaƙe ko 'ya'yan itace, ba ta kemikal irin ta jakar mata da kujerar mota ba. Ta kemikal ba ta shan ruwa yadda ya kamata kuma ba ta riƙe siffa. Waccan kuwa idan ka jiƙa ta ka ja ta a jikin katako, tana bushewa za ta kama shi gam. Ɗinkin a baya ake yin sa, ɓangaren da ke kallon cinya, ka kuma goga wa zaren kakin zuma.

Wani abu da sababbin hannu ba su sani ba: layukan nan masu tudu da kake gani a bakin tsofaffin kube, igiya ce a ƙarƙashin fata. Ka manna siririyar igiya a jikin katakon yadda kake son zanen ya fito, ka lulluɓa jiƙaƙƙiyar fatar, ka bi gefen igiyar da ƙashi ko bayan cokali kana dannawa. Mariƙin ma haka. Katako, sai ka naɗe shi da zare, sai fata a jiƙe, sai ka sake naɗe wani zaren a waje ka matse ka bar shi ya kwana. Da safe ka warware na wajen, za ka ga sawunsa ya zauna a fatar layi-layi. Haka maƙeran zamanin da suke yi, kuma abin nan kaɗai yana sa aikin katako ya yi kama da na gaske fiye da duk wani fenti. Kada kuma ka ce lallai sai baƙi ko ruwan ƙasa. A zane-zanen littattafan wancan zamani ana ganin kube ja da wasu launuka masu haske.

Malam_Tarihi:
Dan Baduku ya yi gaskiya. In ƙara da siffar mariƙi, don a nan ne ake yawan cakuɗa zamani. Ƙarni na 13 dunƙulen kan mariƙi mafi yawa faifai ne mai kauri, zagayayye, giciyen kuma miƙaƙƙe ko mai ɗan lanƙwasa, tsawonsa kamar santimita 15 zuwa 20. Idan ka sa dunƙule mai tudu uku ko biyar a sama da gajeren giciye, ka koma zamanin Baikin, mayaƙan teku na arewacin Turai, ka ja baya da shekara ɗari biyu ko fiye. Masu nazarin abin suna bin rabe-raben Ewart Oakeshott, wanda ya kasa takubban tsakiyar zamani daga lamba X zuwa XXII, naka zai faɗa wajen XII. Na Baikin kuma Jan Petersen ne ya kasa su a 1919, bisa siffar mariƙi. Ka nemi hoton na gaske daga gidan tarihi ka auna daga jikinsa, kada ka kwafa daga fim.

Garkuwa99:
Tunda ba zare shi zai yi ba, ya goya shi a baya mana, ya fi kyau a hoto.

Malam_Tarihi:
Wannan kam na fim ne zalla. Dogon takobi ba ya zaruwa daga baya, hannun mutum bai kai tsawon ba. Mayaƙin ƙarni na 13 a ƙugun hagu yake rataye shi, da ɗamara mai faɗi wadda aka tsaga bakinta aka saƙa ta a jikin kuben. Sojan Rum ne ma yake sa gajeren takobinsa a dama, shugabannin ɗari nasu kuma a hagu.

Injiniya_Sani:
Ba wanda ya ambaci na'urar 3D, wadda ke buga abu da roba a siffar da ka zana. Giciye da dunƙule za ka iya bugawa a fanko, nauyinsu ba komai, wanda ya dace da abin da Abu ya faɗa. Sai dai a kula da irin robar. PLA tana fara laushi a wajen digiri 60, mota kuma idan an rufe ta a rana cikinta yana iya kai hakan, sai ka dawo ka tarar giciye ya sunkuya. PETG ta fi jurewa, tana kai wajen 80. Wasu kuma suna yin kube da bututun ruwa na PVC, su gasa shi su danne da katako ya baje. Yana yi, kuma ya zo da raminsa, wanda zai warware rigimar Baba Kafinta da Malam Abu tunda ba sai an fafe komai ba. Amma a yi shi a waje inda iska ke kaɗawa, kada a bari ya ƙone, hayaƙinsa yana da illa ga huhu.

Kafinta_Tsoho:
Bututu ko an baje shi faɗinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa. Kube kuwa tsukewa yake yi.

Injiniya_Sani:
Ana yanke tsinin V a ƙasan a haɗe bakin, Baba. Fata za ta rufe.

Hauwa_Dinki:
Ni tambaya ce da ni, ku yi haƙuri na shigo tsakiya. Yaya ake sa katako ko roba ya yi ƙyallin ƙarfe? Duk fentin azurfa da na gani a irin waɗannan kayan sai ya fito kamar na wasan yara.

Zee_MaiFenti:
Yaya Hauwa, sirrin a ƙasan fentin yake. Ki goge da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi har sai sawun katako ya ɓace, ki shafa abin toshe ƙofofin itace, ki sake gogewa. Sai baƙin fenti mai sheƙi, ba azurfa ba. Idan ya kusa bushewa sarai, ki kankare bakin fensir ki samu garinsa, ki goga da tsumma mai laushi. Zai ba ki launin ƙarfe mai duhu irin wanda aka daɗe ana riƙewa. Azurfar kaɗan za ki taɓa a gefuna inda hannu ke gogawa. In soso ne kuma, sai kin bi shi da iska mai zafi ƙofofinsa sun rufe, kin shafa farin gam hawa biyu ko uku, in ba haka ba shanye fentin zai yi. Kada kuma ki fesa fentin gwangwani kai tsaye a kan farin soso irin na cikin kwalin firiji, narkar da shi yake yi.

Hauwa_Dinki:
Garin fensir! Allah ya ƙara basira.

Binta_Leeds:
Ƙarin bayani ga mai tafiya ta jirgin sama: ko na soso ne, a sa shi cikin babbar jaka da ake aunawa. Masu bincike ba sa barin abin da ya yi kama da makami a jakar hannu, kuma ba za su tsaya sauraron bayanin cewa ba ruwa a ciki ba.

Sadauki_1250:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda na tsaya yanzu: katako kamar yadda Baba ya ce, nauyi a ƙasa kamar yadda Malam Abu ya ce, fata da igiya irin na Dan Baduku. Mariƙin ne har yanzu nake jinjinawa. Ina tunanin in yi mai cirewa, amma in naɗe bakin kuben da zare da gam kafin fata don kada ya tsage, sannan bayan na wuce ƙofa in ɗaure giciyen da kuben da siririn igiyar fata saboda yara.

Yusufa_TX:
Ka ga ka dawo kan ɗaurin da na ce ana yi a nan, sai dai naka ba abin da yake tsarewa.

Kafinta_Tsoho:
In dai sai ka fafe, to ka ƙara kaurin saman ya kai santimita biyu, ya riƙa sirancewa zuwa ƙasa, kuma guntun kada ya wuce kaurin milimita 6. Amma ni har gobe itace ɗaya zan yanka.

Abu_Hamila:
Milimita 6 na katako zai karye a mahaɗar giciye, Baba, ranar da wani ya dafa mariƙin. Sai dai ya yi guntun da filawud mai falle da yawa. Malam Sadauki, ɗamarar taka mai faɗin nawa ce? Don in siririya ce duk lissafin nauyin nan sai an sake shi.